Injin da Ya Shiga Hoto

A garinmu ba a hana aron kayan biki. Tabarma, tukunya, kujera, har rigar ango, in aka ce maka ana da baƙi sai ka miƙa, ka bi da addu'ar Allah ya sa a tashi lafiya. Ni kaina bencinan ajina na lakwal sun fi ni halartar suna da ɗaurin aure. Shi ya sa ranar da sakataren meri, wato hukumar gari, ya zo aron injin waldar ƙanena babu wanda ya ga abin mamaki sai ni, ni kuwa an saba da bakina, ba a sa shi a ka.

Ƙanena shi kaɗai ne mai walda a garin. Duk shekarun da ya yi yana ci-rani a Legas, injin nan ne abin da ya komo da shi: tsoho, mai shan man gazuwal, mai ƙarar da ke hana hira. Da shi yake gyara garma da amalanken jakai, da shi ya yi aure, da shi yake ci da tsohuwarmu.

A shekarar ne meri ta fito da babban tsari na bunƙasa arzikin gari da koya wa matasa sana'a, don su daina tsere wa gida da rani. An yi taro a kai, an ci shinkafa. An sake taro don a duba abin da taron farko ya ce, an sake cin shinkafa. Daga ƙarshe aka gina ɗaki mai rufin kwano bayan kasuwa, aka raɗa masa suna santir, wato cibiyar koyo. Injunan koyon kuwa aka ce suna hanya. Ga shi masu ba da tallafin sun aiko daga Yamai cewa za su zo su gani da idonsu.

Sakataren ɗan kawunmu ne, taubashi, don haka da wasa ya shigo wa ƙanena.

"Kai bawana, aron sahiya guda ne," in ji shi. "Baƙi su gani, su tahi, ka ɗauki abinka kahin azahar."

Na ce wa ƙanena, "Kada ka ba shi. Wanga ko allura ya ara, takarda yake maido maka."

Ƙanena ya yi dariya. "Haba Yaya, meri guda ta ci mani inji?"

Ranar bikin tarbar baƙin da na shiga santir sai da na sake kallo. An shafe injin da koren fenti, an rubuta a jikinsa da Faransanci cewa kayan furoje ne, wato na tsarin. Aka sa wa ƙanena shuɗin kayan aiki sabo fil, ya tada inji, wuta ta yi tartsatsi, mata suka rangaɗa guɗa. Mer, wato magajin gari, ya yi jawabi mai tsawo, ya nuna ƙanena da yatsa ya ce ga irin matasan da gari zai samu nan gaba. Baƙi suka yi ta ɗaukar hoto. Babbansu, bawan Allah mai kirki, ya ja hankalin mer cewa a kula da kayan nan, don a wasu wurare sacewa ake yi. Mer ya rantse. Kafin a gama wanke hannu an danna wa santir kwado da injin a ciki.

Da la'asar ƙanena ya je da amalanke ɗaukar abinsa. Sakatare ya kama hannunsa, ya ja shi inuwa.

"Ka yi haƙuri, yanzu injin ya shiga hoto. Hoton ya tahi Yamai. In sunka komo dubawa ba su gan shi ba, mu za a ce mun sace. Bari na gaskiyar su iso."

Wallahi ranar na ji kunya a madadin alli da allo. Na je meri da kaina, na yi faɗa har murya ta dushe. Aka ba ni kujera, aka ba ni ruwan sanyi, kowa ya yarda ina da gaskiya. Mer ma ya ce shi kansa abin na damunsa. Ban taɓa ganin wurin da ake yarda da mutum haka a sallame shi hannu biyu ba.

Bazara ta kama, manoma suka fara fito da garmunansu. Mai garma ya zo ya tarar da ƙanena zaune a rumfa babu ƙara, ya jajanta, ya wuce Malbaza. Mai amalanke ya wuce Ƙonni. Samarin da ke koyon aiki a hannunsa, waɗanda dama su ne tsarin ya ce zai tsare a gida, suka ɗaure 'yan jakunkunansu suka tsallaka iyaka. Tsohuwarmu ta fara cewa ba ta jin yunwa da rana, mu kuwa mun san ƙarya take yi.

Ana cikin haka meri ta aiko a zaƙulo matasan da ba su da aikin yi, don a fara horo. Masu binciken ba su sha wahala ba. Sun sami ƙanena zaune, sun tambaye shi ko yana da aiki, ya ce babu. Ba ƙarya ya yi ba. Aka sa shi a ajin koyon walda.

Na ce, "In ka tahi, ban yahe ba."

Ya ce, "Yaya, can ne kaɗai nike ganin injina."



Horon ya faɗo cikin damina. Malamin da aka ɗauko daga Tawa mutum ne mai haƙuri, amma tsarin bai tanadi gazuwal ba, ga kuma alkawarin da aka yi wa baƙi na kula da kaya. Saboda haka da alli aka koyi walda. A zana ƙarfe biyu a bango, a zana yadda za su haɗu, a share. Injin yana kusurwa lulluɓe da tsohon buhu, daidai inda kwanon ke yoyo. Ƙanena ya roƙi a matsar da shi, aka ce a hoto nan yake.

Da kaka sakatare ya zo gidanmu yana washe baki, ya ce ya samo dabara. Tsarin ya yarda a ba ɗalibin da ya fi ƙwazo kayan aiki kyauta ranar rufe horo. "Kun gani? Injin zai komo gida ta ƙohwar doka."

Haka aka yi. Aka sake aron bencinan ajina. Aka ɗaura wa injin jan ƙyalle, aka kira ƙanena gaban jama'a, mer ya miƙa masa takardar shaida, sannan aka tura masa makirfo ya yi godiya. Duk garin sun san injin wa ne, kuma duk garin suka tafa. Ya tsaya, ya dube ni, ya dubi ƙasa. Sai na ji ya ce yana godiya ga mer da 'yan majalisa da suka ba shi abin dogaro da kai. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba, matar da ke kusa da ni ta ce ai dole in yi kukan murna.

A gida ya zuba gazuwal, ya ja igiya. Shiru. Ya ja har kafaɗarsa ta sage. Da ya kwance murfin, ya tarar ruwa ya kwanta a ciki ya yi tsatsa, ɓeraye sun cinye wayoyin, sun ma haihu. Makanikin Ƙonni ya duba, ya ce sai dai a sayar wa masu awon ƙarfe.

Yanzu ƙanena dakon siminti yake yi a Malbaza, yana loda wa manyan motoci. Sakatare ya gaya mini da fara'a cewa a taron bana an ambace shi, a matsayin wanda aka horar kuma ya samu aiki. Wannan karon ban yi faɗa ba, na gaji.

Juma'ar da ta wuce na je gaida matar ƙanena. Ƙyauren ƙarfen gidan ya ɓalle daga maƙalinsa, aikin da a da zai gama kafin shayi ya tafasa. Na tarar ya ɗaure shi da igiyar akuya.