Malam Sabitu Baduku da Littafin Awanni

Malam Sabitu baduku ne a Dutsin-Ma, asalinsa mutumin Barkiya. Tun yana saurayi yake ɗinka gafaka da bangon littattafan malamai, kuma abin hawan da ya taɓa mallaka bai wuce jaki da keke ba. Shi da kansa yakan ce ko keken ma, rabin tafiyarsu tura shi yake yi. Sai ga shi Allah ya ba shi ɗiya matuƙiyar jirgin sama, Mardiya.

A Afirka ta Kudu ta koyi tuƙi, ta dawo gida ta sake karɓar lasisin Najeriya. Lasisi biyu, littafi biyu. A cikinsu take rubuta duk awannin da ta yi a sama, malaminta ya sa hannu a gefen shafi. Na can mai faɗi ne, na nan siriri. Da ta zo gida tana shirin ganawa da wani kamfanin jirage a Abuja, sai ta baje su a tabarma tana ta juyawa.

"Baba, ban san wanda zan ci gaba da shi ba. Kamfanin so suke su ga awannina a haɗe wuri ɗaya."

Kalmar haɗewa ta zauna wa Malam Sabitu a rai. Ai sana'arsa ke nan. Tunda ta fara karatun nan bai taɓa iya taimaka mata da komai ba sai addu'a.

Washegari ta tafi Kurfi gaida gwaggonta. Ya ɗauko jar fatar da ya daɗe yana ɓoyo, ya jera littattafan biyu, ya ga ɗaya ya fi ɗaya faɗi. A wurin baduku wannan abin kunya ne. Ya wasa wuƙa, ya daidaita bakin mai faɗin tas, ya ɗinke su cikin bango ɗaya. Shi kansa bai taɓa yin aiki mai kyau haka ba.

Matarsa Lauratu ce ta fara leƙowa.

"Malam, wannan tarkacen da ke gabanka, ba rubutu nake gani a jiki ba?"

"Ɗan zane-zane ne, kamar sawun kaza."

Sawun kazar nan kuwa shi ne sa hannun malamin Mardiya, shaidar duk tashin da ta yi a ƙasar waje.

Da Mardiya ta dawo ta buɗe, sai ta zauna daɓas.

"Baba, mi ka yi?"

"Haɗawa na yi, uwata."

"Ba irin wannan haɗin ba, Baba!"

Ya tattaro yankakkun takardun, ya ce yana da ƙaro mai kyau, zai liƙe su ɗaya bayan ɗaya. Ta dube shi, ta dubi ƙaron, hawaye da dariya suka zo mata tare. Lauratu ta ce, "Ka liƙe hannunka dai, Malam, shi ya fi."

Ganawar Abuja ta wuce ba da ita ba. Makonni ta yi tana waya da makarantar can kafin su aiko da takardar shaida mai hatimi. Duk kwanakin nan Malam Sabitu ko rumfarsa ta kasuwa bai cika zama ba, sai sintiri tsakanin gida da masallaci.

Kamfanin ya sake kiranta, suka karɓi takardar, suka ɗauke ta aiki. Ta sayi littafi na uku, babba, wanda ƙasashen biyu suka yarda da shi, ta kawo gida ta ce tana son bango.

Ya miƙa hannu zai karɓa, ta janye.

"Daga nan za ka auna."

Haka ya tsuguna da zare, tana riƙe da littafin gam a ƙirjinta, Lauratu kuma ta kwashe wuƙaƙen duka ta shige ɗaki da su.