Yadda Rana Ta Sa wa Hayaƙi Furfura

Ina 'yar shekara tara a Unguwar Lalle na ɓata farar rigar Baba. Ita kaɗai ya gada daga mahaifinsa, kuma ba ya sa ta sai ran Juma'a. Ni na nace sai na wanke masa, don a san na girma. Na shanya ta a kan darni, na manta da ita. A yammacin nan maƙwabta suka ƙona karan gero, raɓa ta sauko ta kwaso hayaƙin, gari ya waye riga ta yi ɗigo-ɗigo, ruwan ƙasa. Na cuɗa da sabulu har hannuna ya yi zafi, a banza. Baba yana kasuwar Bafarawa, sai Alhamis zai dawo.

Bayan magariba muka kewaye murhun Kaka, uwar Baba, kamar kullum. Na ture tuwona gefe. Ta dube ni sau ɗaya, ta gyara itace.

"Wata ta iso ƙofa," in ji ta, yadda ta saba buɗe tatsuniya.

"A shigo da ita," muka amsa.

Ta ce Hayaƙi saurayi ne mai taƙama, duk inda ya bi sai ya shafa wa mutane launinsa. Aka kai ƙara wurin Rana. Rana ta bi shi, amma a bushe yake, ya gagare ta. Da ya gaji da gudu sai ya shige cikin ɗigon Raɓa ya ɓuya. Ashe nan ne kuskurensa. Rana ta leƙa cikin ruwan, ta yi ta kallonsa har ya tsufa, ya yi furfura, ƙarfinsa ya ƙare.

"Sai ya mutu?" na tambaya.

"Wa yac ce miki? Tsuhwa yay yi. Ke mai wanki, gobe za ni gwada miki. Ki jiƙa rigag ga, ki shimhiɗa ga rana. In ta bushe ki yayyahwa ruwa, kak ki bari."

Kunya ta kama ni, ashe ta sani tun safe. Kwana biyu na yi ina gadin riga da ƙwarya a hannu, kaji suna kallona. Da farko tabon ya ƙara duhu, na fashe da kuka. Kaka ta ce in ci gaba. Ran Alhamis da la'asar sai ka ƙura ido kafin ka gan shi.

Yanzu ina koyar da kimiyya a garin Isa. Na karanta cewa ƙwayoyin hayaƙi kan narke a ɗigon gajimare da hazo, hasken rana ya farfasa su a can, sukan yi duhu kafin su koɗe, su rikiɗe su zama wani abu dabam. Ranar da na karanta dariya na yi ni kaɗai.

Baba ya sa rigarsa ran Juma'a bai lura da komai ba. Da ya durƙusa don gaishe da Kaka, ta kama hannun rigar ta shinshina sauran ƙaurin hayaƙin, ta daɗe ba ta saki ba.

"Haka babanka ka ƙamshi in ya dawo daga gona," ta ce masa, tana kallona tana murmushi.