Hannun da Bai Kai Kunne Ba

Kwanakin baya na sha ruwan wata rijiyar burtsatse a gidan suna, na ji zartsi ya kama mini harshe. Na ajiye kofin, na kasa cin abincin da aka kawo. Masu gida suka ɗauka ciwo ne ya taso mini, ni kuwa kakata ce ta faɗo mini a rai.

A Rawayau aka haife ni, can ƙasar Kurfi, a gidan da kakana ya bari. Babana fataucin hatsi yake yi. A yawonsa na kasuwanni ya ga yadda akawun kanti ke zaune a inuwa da alƙalami a kunne, manyan mutane na tsugune a gabansa, sai abin ya shiga ransa. A shekarun da aka sami mulkin kai, lokacin da wasu ke ɓoye 'ya'yansu a rumbu don kada a kai su boko, shi Baba ya ce da ƙafarsa zai kai ni. Kuma Dutsin-Ma zai kai ni, inda akwai babbar kasuwa da hanyar mota, ya haɗa ciniki da karatuna. Mutanen garinmu suka yi ta dariya. Ya bar wa Baffa, ƙanensa, gida da gona, ya ce mu ɗaure kaya bayan girbi.

Kaka, mahaifiyarsa, ba ta son boko ko kaɗan. Amma ni ne mijinta na wasa, a ɗakinta nake kwana, a ƙwaryarta nake shan fura. Ta ce za ta raka ni, ranar da na shiga makaranta a mayar da ita ɗakinta. Ko tukwanenta ba ta ɗauko ba, ta kife su a bayan ɗaki, ta ce wa matar Baffa ta riƙa leƙa mata kaji.

Da muka isa, wani abokin cinikin Baba ya sauke mu, aka shiga neman inda za mu zauna. Wuri uku aka nuna mana, kuma duk inda aka je Kaka na biye da ƙoƙonta a hannu. Ba ta duba ɗaki, ba ta duba danga. Rijiya take tambaya, a ɗebo mata ruwan, ta kurɓa, ta juya shi a baki. Gidan kusa da kasuwa ta ce hayaniya ta yi yawa, kuma yaro zai tashi a bakin 'yan kamasho. Na wajen gindin dutse ta sha ruwansa har sau biyu, ta yi hamdala, ga shi kuma akwai mutanen Kurfi a unguwar, waɗanda suka san iyayenta. Sai dai da nisa da makaranta, kuma akwai wani kwari a tsakani da ke cika da damina. Na ukun sabuwar unguwa ce a bakin gari, fili fetal, ba kuka ba tsamiya, sai 'yan bishiyoyin dogon-yaro da aka dasa. Daga ƙofar gidan kana jin ƙarar ƙarfen da ake bugawa a makaranta. Kaka ta kurɓi ruwan, ta juya baya ta tofar.

"Wanga ruwa zartsi gare shi," in ji ta. "Ko jaki sai ya yi shawara."

Baba ya sunkuyar da kai. "Iya, don yaron nan muka taso. Nan ya hi kusa."

Ta dube ni, ta dube shi, ta ce, "To."

Kai mai karatu, wataƙila ba ka san yadda ake ɗaukar yara a makaranta a wancan zamani ba. Ba wanda ya san ranar haihuwarsa. Sai a ce yaro ya ɗora hannun dama ta saman kai ya kamo kunnen hagu. In ya kai, ya isa shiga. Ranar ɗauka Inna, mahaifiyata, ta wanke ni tas, ta shafe ni da man gyaɗa, Baba ya sa rigarsa ta Juma'a. Hedimasta ya ce in ɗora hannu. Na ɗora, na miƙe, na yi ɗage kamar hakan zai taimaka. Yatsuna suka tsaya can sama da kunnen. Ya dafa kaina cikin tausayi, ya ce wa Baba, "Sai baɗi, Malam."

Ban taɓa jin tafiya mai tsawo irin ta komawarmu gida ba, ga shi kuwa gidan na nan kusa. An tashi gida guda, an bar gona, an zaɓi unguwa, duk don ɗan guntun hannuna, ga shi ya ba da mu. Da Baba ya gaya wa Kaka, ya ƙara da cewa in tana so ya mayar da ita gida ranar kasuwa.

"In tahi in ce masu mi?" ta ce. "In ce an kwashe gida an kai yaro boko, boko ya ce bai so? Ba ni ba su abin dariya a kanka. Sai hannun nan ya kai."

Daga ranar hannuna ya zama aikinta. Kullum bayan sallar asuba sai ta ce, "Zo nan, maigida, mu gani." Ta ɗora shi, ta auna saura da yatsunta, ta yi tsaki. Ta shafa masa man shanu tana ja. Ta sa ni lilo a reshen dogon-yaro, wai ko sunan bishiyar zai yi tasiri. Naman miyarta ni take tura wa. Tana yi tana tsokanata, wai ta auri miji mai hannun ƙadangare.

Ruwan kuwa bai taɓa karɓar ta ba. Wake ba ya nuna da shi, sabulu ba ya kumfa, fura in an dama sai ta yi wani ɗanɗano kamar an jiƙa ƙarfe. Baba na sa mai ga-ruwa ya kawo mata na gindin dutse, amma da rani ya yi nisa rijiyar ta ja baya, mutanen unguwar ma ba ta ishe su ba. Kuma gaskiya ba ruwan ne kaɗai ba. A unguwar nan ba tsohuwa ko ɗaya, duk matan malamai ne da na 'yan doka, kowacce da yaren garinsu. Ba wanda ya san ta da suna, ba wanda ke aiko mata da haihuwa ko rasuwa. Sai ta wuni a bakin ɗaki tana kaɗi, ta fuskanci arewa. Da ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, na ji tana lissafa wa kanta inda ya kamata a sa kuɓewa a gayaunarta, inda za a sa yakuwa. Daga baya ta daina tsokanata, wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Ƙarshen damina ƙafafunta suka kumbura, ta kwanta. Gero ya fara nuna, wata safiya ta kira ni. Idonta ya riga ya dushe, da lalube take aunawa. Ta ɗora hannun, ta lalubi kunnen, na ji ta kwantar mini da kai gefe a hankali, ta danna yatsana. Ta sa aka kira Baba.

"Ya kai," ta ce. "Duba ka gani. Kai ni gida."

Baba ya duba. Da saura, ni na sani, shi ma ya gani. Ya ce, "Ya kai, Iya." Ya fita da sauri yana goge fuska da hannun riga.

Motar da ke bi ta garinmu sai ranar kasuwa, jikinta kuma ba na hawan jaki ba ne. Inna ta ɗaure mata 'yan kayanta, aka ajiye ƙunshin a bakin ƙofa inda za ta iya taɓa shi. Ba ta kai ranar kasuwar ba. Inna ta roƙa a ɗebo ruwan gindin dutse a yi mata wanka, aka ce rana na yi, ba a jinkirta gawa. Da ruwan zartsin aka wanke ta, aka rufe ta a cikin baƙi.

Da ɗauka ta zagayo Baba ya sake kai ni. A shekarar an ƙara aji, yara ake nema ido rufe. Na tsaya gaban hedimasta na ɗora hannu tun kafin a ce mini. Bai ma ɗago kai ba, ya tambayi sunana ya ce in wuce.

Na yi karatun, na yi aikin, na zauna a inuwa da alƙalami kamar yadda Baba ya so. Bai taɓa yi mini maganar ba har ya rasu, amma bai sake shan fura a gidan nan ba. Yanzu ɗana ya koma birni, ya zaɓi unguwa saboda makarantar 'ya'yansa, jikana da ko magana bai gama iyawa ba an rataya masa jaka. Suna ta matsa mini in koma wurinsu. Na tambaye su yadda ruwan unguwar yake, suka yi dariya, suka ce ai na leda ake sha. Ban ba su amsa ba tukuna. Wani lokaci bayan asuba, in ba kowa, nakan ɗora hannu ta saman kai. Yana kaiwa, har ya wuce, sai dai ba wanda zan ce wa ya zo ya duba.