Ranar da Aka Raba wa Yaya Kwano

Shekara shida ina bin yayana birnin Guangzhou na ƙasar China, mutane suna cewa kasuwanci nake koyo. Wane kasuwanci? Har yau ban iya bambance takalmin fata da na roba ba. Gadi nake yi. Yaya yana da farfaɗiya, Inna kuma ta rantse ba zai hau jirgi shi kaɗai ba, sai aka raba ni da aikin koyarwata ba tare da an tambaye ni ba. Ni ke riƙe magani, ni ke lura da barcinsa, ni ke shiga tsakaninsa da bakin titi. Sharaɗi ɗaya aka gindaya mini: kada mutanenmu su sani.

A wani shagon takalma a kasuwar Zhanxi asiri ya tonu. Mai shagon, wata 'yar China, tana ce wa Yaya "meiyou", wato babu kalar da yake so, sai na ga idonsa ya kafe. Kafin in kai hannu ya zube. Abokan fataucinsa huɗu suna wurin, waɗanda muke cin tuwo da su a tire ɗaya kowace Juma'a. Suka dare. Babbansu ya ɗaga murya daga nesa: "Ku ja baya, jama'a! Kar yawun ya taɓa ku, ana ɗauka!"

Na zaro cokalin da Inna ta ce in riƙa cusa masa a baki. Mai shagon ta buge hannuna, ta sa rigarta a ƙarƙashin kansa, ta juya shi gefe, ta goge masa baki da hannunta. Daga baya likita ya ce cokali haƙori yake karyawa, kuma ciwon ba a ɗaukarsa. Ashe duk shirin da nake taƙama da shi ke nan.

Na kai wa abokan nasa maganar likita. Suka ce, "Haka ne, Allah ya sawwaƙe." Juma'a ta zagayo, muka je gidan abinci bayan masallaci, sai ga kwanon Yaya daban, kofinsa daban, a ɗan teburi kusa da ƙofa. Wai don ya sake.

Na zauna kusa da shi raina yana tafasa. Ya kalli tuwon, sannan ya ce, "Tashi ka je cikinsu. Kai ai lafiyarka ƙalau."

Da ma in ce na ƙi. Amma na gaji, gajiyar da ba a faɗa wa uwa, kuma ina ƙishin a kalle ni ba a matsayin mai gadin wani ba. Na tashi. Suka matsa mini, na ci, har dariya na yi. Ban waiwaya ba, shi kuma har yau bai taɓa tayar mini da maganar ba.