Simintin da Aka Ɗaura Mini a Hannu

Ina 'yar aji biyu na faɗo daga kan jakin babanmu a hanyar fadama, muna dawowa daga cirar albasa. Hannun dama na tokara da shi, ya lanƙwashe tsakanin gwiwa da wuyan hannu. Lokacin garinmu, Argungu, yana cikin Jihar Sakkwato.

Baba ya kai ni wurin maɗorin unguwarmu, ya ja hannun, ya jera karare ya ɗaure da tsumma. Washegari yatsuna suka kumbura, suka yi sanyi. Inna ta taɓa su. Ta aika aka kira ƙanenta, kawuna, mai tuƙa motar albasa zuwa Birnin Kebbi, don ya kai mu asibiti. Baba bai so ba, yana ganin kunya ce a kwance ɗorin dattijo, amma Inna ta ce masa, "Malam, ɗiyar ga ba ta jin yatsunta." Sai ya ɗauko hularsa.

A asibiti wani ma'aikaci mai furfura ya yanke tsumman a hankali, yana tambayata sunan jakinmu don in daina kuka. Hoto ya nuna ƙasusuwa biyu ne suka karye. Bayan an gyara su ya naɗa auduga, ya jiƙa farin bandeji mai gari a ruwa, ya shimfiɗa shi ta bayan hannun kawai. Ya gaya wa Baba ba a rufe hannu mai kumburi, sai ya saɓe. Da muka koma ne ya zagaye shi duka, har sama da gwiwa. Ɗumi na ji, sannan ya daskare. Mu siminti muke ce masa.

Ƙaiƙayi ya fi karayar damuna. Inna ta ɓoye tsintsiya don kada in zura tsinke, in zan yi wanka kuma ita ke riƙe hannun sama. Kawu kan tsaya ƙofar gida da mota, ya sa in motsa masa yatsu ɗaya bayan ɗaya kafin ya wuce.

Ranar da aka yanke simintin da wani ƙaton almakashi, hannun ya fito siriri, yana wari, amma a miƙe. Inna ta kai wa ma'aikacin bandar kifi a kwando. Ya ce aikinsa ne, ta ƙi tashi har sai da ya karɓa. Kafin shinkafa ta nuna na koma riƙe alli.