Itatuwa Shida na Inna Mai Dashe

Shekara talatin da ɗaya Inna Mai Dashe ta yi tana sayar da dashen itatuwa a wani ɗan fili tsakanin titi da katangar wani tsohon sito. Da ta fara zama a wurin, ba komai sai bola da zafin kwalta. Ita ta dasa darbejiya huɗu da mangwaro biyu, tana ɗauko musu ruwa a bokiti har suka kama ƙasa. Da inuwa ta samu, mai faci ya kafa injinsa, mai gyaran takalmi ya biyo baya, masu jiran mota suka daina gasuwa a rana.

Ɗan ƙanwarta, wanda ta riƙe tun yana aji uku, zanen gine-gine ya karanta, unguwa na kiransa Injiniya. Wata rana ya shimfiɗa mata takarda a kan benci: bene hawa bakwai, gabansa duk gilashi, ga itatuwanta shida tsaye cif, har da 'yar rumfa a gefe. Ya ce kamfaninsu ya sayi siton, saura maƙwabta su sa hannu.

Mai faci ya ƙi. Ya ce a takarda kowane gini lambu ne. Inna ta bi su ɗaya bayan ɗaya, har gida.

"In ba ku yarda da takarda ba, ku yarda da ni," ta ce. "Ni na rene shi."

Suka sa hannu.

Bayan wata takwas, ranar wata Talata da hantsi, ta iso ta tarar an kewaye filin da kwano, injin yanka na kuka a ciki. Ta leƙa ta wata ɓula a jikin kwanon, ta ga mangwaron farko ya kwanta, da 'ya'yansa ɗanyu.

Injiniya bai zo ba sai la'asar. Ya yi ta bayani, wai saiwa za ta fasa bututu, wai ganye zai rufe fuskar ginin. Ta bar shi ya gama, sannan ta tambaye shi tun yaushe ya sani.

"Tun kafin in yi zanen, Inna. Da na faɗa, ba wanda zai sa hannu."

Ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta kwashe dashenta a baro, sawu tara, ta kai bayan ɗakinta. Wata guda ba ta bi ta titin ba, don kunyar haɗa ido da mutanen da suka watse.

Da aka buɗe ginin, Injiniya ya aiko direba ya sayi tukwanen shuka arba'in na ƙawata zauren shiga. Ta sayar, ta kuma gaya masa suna son rana da iska. Cikin wata biyu sanyin na'ura ya kashe su duka. Direban ya dawo neman wasu, ya same ta tana cika leda da ƙasa, shuke-shuke jere har bakin ƙofa. Ta ce ya gaya wa maigidansa sun ƙare.