Kyaftin Chibuike, Uwar Goyon Kyari

Faɗan Inna Falmata da Kyaftin Chibuike a bainar jama'a aka yi shi, a ƙofar shagon uwarsa Obiageli, mai sayar da zare a Sabon Gari. Takanas Inna ta hau adaidaita daga Fagge.

"Kai ne ka hure wa jikana Kyari kunne ya shiga soja? Shi kaɗai Allah ya bar min, ɗan nema!"

"Inna, shi ya ce yana so," in ji Chibuike, da Hausarsa tas.

"Yana so! Yana yaro wuta ma ya so taɓawa, na bar shi?"

Ƙato guda ya sunkuyar da kai har ta gaji ta tafi.

Ba baƙonta ba ne. A Sabon Gari aka haife shi, shi ne babba, ƙanne mata rututu a bayansa. Uwa tana kasuwa, shi ke goyo. An sha ganinsa da ƙanwa a baya, zani ɗaure a ƙirji, yana buga ƙwallo a haka. Da ya gama karatu aka jera masa taurari a kafaɗa, cewa Inna ta yi, "Madalla, ƙasa ta samu mai raino." Kyari kuwa yaron shagon atamfa ne a Kwari, duk hutun da Chibuike ya zo sai ya bi shi yana kallon takalminsa. Da za a tura su arewa maso gabas, ƙasar kakannin Inna, sai ta cusa wa Kyari tsohon zaninta a jaka, wai ya riƙa rufa.

Can aka yi musu kwanton ɓauna da rana tsaka. Mota ta kama da wuta, aka ja da baya, mutum uku suka rage a fili, har da Kyari da ƙafa a ragargaje. Saɓa mai rauni a kafaɗa aka koya wa sojoji, amma ranar duk wanda ya miƙe tsaye ya gama yawo. Chibuike ya ja ciki ya isa gare su, ya zaro zanin daga jakar Kyari, ya goya wanda ya fi jin jiki, ya tamke a ƙirji, ya taho da rarrafe. Ya koma ya ɗauko na biyu. Kyari ne na ƙarshe. A hanya harsashi ya fille wa Chibuike rabin kunne, wanda dama, in ji Inna, ba ya jin magana da shi.

Manya suka ba shi lambar girma, aka yi jawabi mai tsawo a kan jarumta, ba wanda ya ambaci zani. Kyari ya dawo Fagge da ƙafa ɗaya, an sallame shi, yana zaune yana auna yadi, samari na kiransa goyon Kyaftin. Ga shi dai a gida, inda Inna ta so ya zauna tun farko.

Da Chibuike zai koma daji, ya zo ya tsuguna a zauren Inna.

"Inna, ki yafe min. Ban kawo shi duka ba."

"Da zanina, ka fara kwaso 'ya'yan wasu!"

"Sun fi shi zubar da jini, Inna."

Ta dubi kunnen. Godiya ta taso mata har maƙogwaro, sai dai bakin bai saba ba.

"To, ji nan da sauran kunnenka. A wajenmu wanda ya goya yaro ya zama uwar goyonsa, kuma uwar goyo ba ta mutuwa sai ta aurar. Kyari ko budurwa ba shi da ita. Ka je ka yi ta sunkuyar da kan nan, in na tashi biki zan aika maka."